Kafin A Sayo Na Bana, A Duba Baucar Bara

Daga Wakilinmu na Arewa, Azare

Tun ranar 11 ga watan Yuli na 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ba tare da ya ratsa ta asusun haɗin gwiwa na jiha ba, maganar da ta fi yawa a bakin mutanenmu ita ce nawa ne za su shigo, kuma yaushe. Haka abin yake a majalisun hira na Azare, na kuma tabbata haka yake a Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan, duk inda 'yan ƙasar Katagum suka haɗu bayan sallar isha'i. An yi ta ja-in-ja a kan yadda za a aiwatar da hukuncin, gwamnoni na faɗin nasu, ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi na faɗin nata. Yau dai ba ta nan zan bi ba. Abin da nake so mu tattauna shi ne kuɗin da suka riga suka shigo bara da bara waccan: me aka saya da su, a wurin wa, a kan nawa, kuma a cikin wane wata.

Bari mu ɗauki Sakwa, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Zaki mai hedkwata a garin Katagum, can ƙuryar arewacin Jihar Bauci inda ta yi iyaka da Jigawa da Yobe. Mutumin Sakwa ba ya ganin kasafin kuɗi, kuma ba ya halartar taron majalisa. Inda yake haɗuwa da ƙaramar hukuma shi ne bakin famfon tuƙa-tuƙa, da ɗakin shan magani, da ajin firamare, da kwalbatin da ruwa ke cinyewa duk daminar da kogi ya yi ambaliya, kamar yadda aka gani a 2022. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuwa saye ne. Wani ne ya zauna a ofis ya ce a sayo bututu, a sayo magani, a sayo alli, a sayo siminti. In ya sayo da tsada, abin da zai isa gari biyar sai ya tsaya a gari uku. In ya sayo a makare, daidai yake da wanda bai sayo ba. Saboda haka kada mu bar wa akawu maganar saye shi kaɗai, domin mai shan ruwan nan ta fi shafa.

Dattawan da suka yi aiki zamanin En'e suna yawan ba mu labarin Baitulmali, wanda aka fara kafa irinsa a Katsina zamanin Razdan Palmer kafin ya bazu sauran masarautu, har da ta Katagum da hedkwatarta ta dawo Azare zamanin Turawa. Ba na cikin masu cewa komai na da zinariya ne, domin En'e na da nata zaluncin wanda iyayenmu ba su manta ba. Amma akwai abu ɗaya da ba a musu a kansa, watau ma'aji da magatakardan sito sun san abin da ke hannunsu. Fartanya ko kwalbar tawada in ta shiga sito an rubuta, in ta fita an rubuta. Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Bauci kanta, bai soke wannan al'ada ba. Har gobe akwai littafin ƙa'idojin kuɗi, akwai bauca, akwai takardar odar saye da ma'aikata ke kira L.P.O., akwai rasit na shigar kaya sito, akwai kuma babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi a kowace jiha.

To, in takardu na nan, ina matsalar take? Matsalar ita ce ana rubuta bauca ne domin a biya kuɗi, ana kuma duba ta domin a ga ko sa hannu ya cika. Da zarar an biya, sai a ɗaure ta da zare a jefa cikin kabad, ƙura da gara su gaje ta. Mai binciken kuɗi in ya zo, tambayarsa ita ce ko an bi ƙa'ida wajen biyan wannan bauca guda. Da wuya ka ji wanda ya tara baucocin shekara ɗaya cur ya shimfiɗa su a kan tebur ya tambaye su abin da suka sani. Alhali kuwa sun san abubuwa da yawa waɗanda shi kansa ciyaman bai sani ba.

Aikin da nake magana a kansa ba wani sihiri ba ne, manyan kamfanoni sun daɗe suna yin sa, kuma duk ɗan kasuwar kirki yana yin irinsa ko da a ka ne. Za a ɗauko duk abin da aka biya cikin wata goma sha biyu, a ware albashi da fansho gefe guda tun da su ba saye ba ne, sa'an nan sauran a rarraba su bisa ga irin kayan, ba bisa ga sashen da ya saya ba. Nan ne gizo ke saƙa. A littafin ma'aji, man dizal ɗin da sashen ayyuka ya saya yana ƙarƙashin ayyuka, wanda sashen lafiya ya saya yana ƙarƙashin lafiya, na janaretan sakatariya kuma yana ƙarƙashin mulki. Kowanne in ka dube shi shi kaɗai ɗan kaɗan ne. Sai ka haɗa su wuri ɗaya za ka ga ashe dizal na cikin manyan abubuwan da ke cin kuɗin hukumar, kuma ana sayensa jarka-jarka kamar mai injin markaɗe. Haka takardar rubutu, haka tayoyin mota, haka kujerun haya da rumfunan taro.

Gaban kowane kaya sai a rubuta sunan wanda ya kawo, da farashin guda ɗaya, da ranar da aka ba da oda, da ranar da kaya suka iso, da ranar da aka biya. Akawu biyu masu natsuwa za su gama wannan cikin 'yan makonni, da kwamfuta ko da babban littafi mai layi. Wani masanin tattalin arziki ɗan Italiya, Vilfredo Pareto, ya lura tun ƙarshen ƙarni na 19 cewa kashi 80 cikin ɗari na ƙasar noman Italiya na hannun kashi 20 cikin ɗari na mutane, kuma masu harkar saye sun ga irin wannan rabo na maimaita kansa a littattafansu: kaya 'yan kaɗan ne ke kwashe mafi yawan kuɗi. Ke nan ba sai an bi diddigin kowane biro da kowace tsintsiya ba. A kama manyan nan guda biyar ko shida, an kama bakin zaren.

Bari in kawo misali na ƙiyasi kawai, don a fahimta, ba wai na ga haka a littafin wata hukuma ba. A ce sassa huɗu kowanne ya sayi siminti buhu 150 a shekara, a lokuta daban-daban, a hannun mutane daban-daban. Na farko ya biya Naira 9,000 kowane buhu, na biyu 10,500, na uku 11,000, na huɗu 13,000. Kowace bauca in ka ɗauke ta ita kaɗai ba ta da aibu, sa hannu ya cika, kaya sun shiga sito. Amma da aka jera su, sai ga buhu 600, watau lodin tirela guda cif, an saye shi a kan Naira miliyan 6 da dubu 525, alhali da an saye shi a farashin na farko da miliyan 5 da dubu 400 ne. Bambancin ya haura miliyan ɗaya, kuma ba wanda za ka kama ka ce ya yi sata. Wannan miliyan ɗayan ita ce gyaran famfunan da aka ce wa mutanen ƙauye su yi haƙuri ba kuɗi.

Kada wani ya ce wannan ciwon namu ne mu kaɗai. A 2010 gwamnatin Ingila ta sa wani babban ɗan kasuwa, Sir Philip Green, ya duba mata yadda ma'aikatunta ke saye. Cikin abin da ya gano har da cewa kwalin takardar rubutu wata ma'aikata na sayensa fam 8, wata kuwa fam 73, kuma babu wanda ya lura, domin ba wanda ya taɓa jera takardun wuri ɗaya. In haka ta faru a London inda kwamfuta ta fi mutane yawa a ofis, to mu sai mu yi wa kanmu adalci mu duba.

Abu na biyu da baucocin za su tona shi ne lokaci, kuma a ganina a ƙasa irin tamu wannan ya ma fi farashi muhimmanci. Ku da kuke fataucin hatsi da dabbobi tsakanin Arewa da Kudu ba sai an koya muku ba. Ba wanda ke sayen gero a watan Agusta don ya ajiye, da kaka ake saye. Ba wanda ke jiran jajibirin Babbar Sallah sa'an nan ya tafi Potiskum neman ragunan da zai kai Legas. Amma hukuma sau da yawa haka take yi. Takin zamani ya iso bayan gero ya fitar da kai. Maganin zazzaɓin cizon sauro a ba da odarsa a tsakiyar damina, lokacin da yara sun riga sun cika tabarmi, kuma kowa na nema, farashi ya hau. Simintin kwalbati a kawo shi lokacin da hanyar ta riga ta yanke, mota ba ta iya shiga. In aka jera ranakun oda na shekara biyu ko uku, nan take za a ga wane kaya ne kullum ake sayensa cikin gaggawa. Abin da ake yi wa gaggawa duk shekara a wata ɗaya kuwa ya daina zama gaggawa, ya zama rashin shiri. Kuma kowa ya sani da sunan gaggawa ake tsallake tanda.

Na taɓa raka wata gwaggona wani ɗakin shan magani a wannan yanki, ba zan kama suna ba. Ma'aikacin ya duba ta, ya rubuta mana magani a 'yar takarda ya ce mu je kemis. A bayansa kuwa ga katan-katan jibge har rufi. Da na tambaya, sai ya ce wani magani ne aka aiko musu da shi wanda a shekara ba su yin amfani da ko katan biyu, ga shi kwanansa ya kusa ƙarewa. Wanda ya sayo bai tambaye shi ba, bai kuma duba rajistar marasa lafiya ba, wadda ke nan a kan tebur tana faɗin ciwon da ya fi damun mutanen wurin wata-wata. Tun 1987 da ministocin lafiya na Afirka suka amince da shirin nan na Bamako ake maganar asusun magani mai juyawa, watau a sayar da magani da sauƙi a sake sayo wani da kuɗin. Asusu ba ya juyawa in an cika shi da abin da ba mai nema.

Famfunan tuƙa-tuƙa ma haka. Wannan gari an kafa masa samfurin India Mark, na gaba da shi Afridev, wani kuma wani iri da ɗan kwangila ya samo da araha. Kayan gyaran wannan ba sa shiga wancan. Makanikin hukuma sai ya riƙa yawo Azare ko Kano neman roba guda ɗaya, kuɗin motarsa ya ninka kuɗin robar. In littafi ya nuna nawa aka kashe wajen gyaran kowane iri cikin shekara uku, ba sai an yi gardama ba ranar da za a sayi sabo. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma farashin famfo ba ya ƙarewa ranar da aka kafa shi.

Sai maganar ranar biya. Ɗan kwangilar da ya san zai yi wata takwas yana sintiri a sakatariya kafin ya ga kuɗinsa, tilas ya ɗora wannan jira a kan farashi, ballantana tun daga 2023 da aka janye tallafin man fetur aka kuma saki Naira, dalar da ke wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya ba hukuma bashin kaya a irin wannan lokaci ya san abin da ya gani. Saboda haka wani tsadar ba haɗama ba ce, kuɗin jira ne. Hukumar da ta yi suna wajen biya cikin wata guda za ta iya zama da 'yan kasuwa ta ce a rage mata, kuma za su rage. Amma ba za ta san tana jinkiri ba sai ta jera ranakun.

Yanzu bari in juyo ga masu suka, domin na san akwai su, kuma wasu maganganunsu na da nauyi. Na farko za su ce, wakili, kai dai so kake a tattara saye wuri ɗaya a yi sari, alhali mun ga inda sari ya kai ƙasar nan. Gaskiya ne. Dattawan da suka daɗe a Legas sun ga abin da ya faru a 1975 da idonsu. Ma'aikatun gwamnatin Janar Gowon suka ba da odar siminti wajen tan miliyan 20, Ma'aikatar Tsaro kaɗai miliyan 16, alhali tashar Apapa ba ta iya sauke abin da ya wuce kimanin tan miliyan ɗaya a shekara. Jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku wata da watanni, ana biyan su kuɗin jira kullum, siminti na daskarewa a cikinsu, abinci da magani sun rasa hanyar shigowa. Sai da gwamnatin Janar Murtala ta zo ta soke wasu kwangilolin ta kafa kwamitin bincike. Amma a lura, abin da ya jawo wannan bala'i shi ne ba wanda ya zauna ya haɗa odar wannan ofis da ta wancan, ya auna da abin da ake bukata da abin da tasha za ta iya ɗauka. Lissafin da nake kira a yi shi ne ainihin abin da aka rasa a 1975. Sari ba tare da sanin bukata ba ya fi sayen ɗai-ɗai haɗari, domin kuskuren ma sari ake yin sa.

Suka ta biyu ta fi taɓa ni. Za a ce in aka haɗa odar dizal ko ta siminti aka ba babban dila a Kano, ina makomar ɗan ƙaramin ɗan kwangila na Katagum ko Sakwa, wanda 'yar L.P.O. ɗin nan ce ke ciyar da gidansa? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma ban yarda a share ta ba. Amsata ita ce lissafin nan shi ne zai raba mana kaya gida biyu. Akwai abin da ba a yin sa a ƙasar Katagum, kamar siminti da magani da taki da bututun famfo. Waɗannan ko ta hannun wa aka bi daga waje suke zuwa, kowane hannu kuma da la'adarsa, don haka gara a rage hannuwan. Akwai kuma abin da ake yi a gida: bencin makaranta, da ƙofa da taga, da bulo, da ɗinkin kayan ma'aikata, da yashi, da hatsin da ake rabawa lokacin ambaliya. Waɗannan kamata ya yi a tsaya a saye su wurin kafinta da maƙeri da tela da manomin yankin, a kuma faɗa musu tun farkon shekara nawa za a bukata don su shirya. Ba mamaki ma in aka buɗe littafi a tarar bencin da ake tsammani na gida ne daga Kano ake lodo shi, wanda ya karɓi odar kuwa ko zarto bai taɓa riƙewa ba.

Akwai kuma waɗanda ba za su yi suka a fili ba, amma su ne za su fi ƙin abin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In aka jera sunayen masu kawo kaya, wani lokaci sai a ga kamfani uku masu suna daban-daban amma adireshinsu ɗaya, lambar wayarsu ɗaya. Ko a ga aiki guda an yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta tsaya daf da iyakar kuɗin da shugaba ke iya sa wa hannu ba tare da an kai gaban kwamitin tanda ba. Dokar sayen kayan gwamnati ta tarayya ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP bayan ofishin bin ƙa'ida da Shugaba Obasanjo ya buɗe a 2001, ta lissafa irin wannan yanka kwangila cikin laifuffuka, jihohi kuma sun bi sahu da nasu dokokin. Amma bauca guda ba ta nuna yanka. Sai an ajiye 'yan'uwanta kusa da ita.

Ban ce ga abin da ke faruwa a Zaki ko wata hukuma cikin ashirin ɗin da ke Jihar Bauci ba. Cewa na yi ba mai iya rantsuwa ko yana faruwa ko ba ya faruwa sai an yi lissafin, kuma ciyaman mai gaskiya shi ya fi kowa cin ribarsa, domin shi ne zai wanke shi daga zargin 'yan majalisar bakin titi. Har ila yau zai ba shi abin da zai riƙe ya ƙi wa masu matsa masa lamba. In wani babba ya turo yaronsa da farashi ninki biyu, ciyaman na iya buɗe littafi ya ce, ranka ya daɗe, ga abin da muka saya bara, ga shi kuma a manne a allo kowa na gani.

Na ce a manne a allo, kuma da gangan na faɗa. Gwamnatin Tarayya ta buɗe shafin intanet na baitulmali a watan Disamba na 2019 inda ake sa manyan kuɗin da ma'aikatu suka biya, ƙasar Yukren kuma ta yi suna da tsarinta na ProZorro tun 2016, inda kowa ke iya ganin tandar gwamnati. Duk wannan da kyau, amma mutumin Sakwa bai bukatar ya jira intanet. Takarda biyu sun isa, da Hausa, a ƙofar sakatariya da ƙofar gidan hakimi, duk wata uku: ga manyan kaya goma da muka saya, ga yawansu, ga farashin guda, ga wanda ya kawo. Mai shagon da ke sayar da siminti a bakin kasuwa in ya karanta zai san ko an yi daidai, ba sai an kawo masani daga Abuja ba. Kuma in Zaki da Gamawa da Itas-Gadau da Katagum duk suka manna nasu, sai a gwada na wannan da na wancan, har ma su ga inda ya kamata su haɗa oda su ɗauko tirela guda maimakon kowa ya aika ƙaramar mota.

To, ina ruwan mazauna Kudu da wannan? Ruwanku ne ƙwarai. Ku ne in famfo ya lalace ake bugo wa waya a ce ku haɗa kuɗi. Ku ne ke aiko kuɗin maganin da ya kamata a samu a ɗakin shan magani. Watau duk kuskuren saye da aka yi a gida, wani yanki nasa daga aljihun mai gadi a Ikoyi da mai sayar da albasa a Mile 12 da mai acaɓa a Fatakwal yake fita. Kuma ku kun fi na gida 'yancin buɗe baki, tun da ba ku jiran L.P.O. daga hannun kowa, ba kuma a iya yi muku canjin wurin aiki. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar ya rubuta wa hukuma ya nemi takarda, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa, a 2025 kuwa Kotun Ƙoli ta ce dokar ta hau kan jihohi ma. Ƙungiyar 'yan gari mai hatimi da sakatare in ta rubuto cikin ladabi tana neman jerin manyan sayayyar bara, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya.

Sai dai kafin ku rubuto, jama'a, ku fara da naku littafin. Ƙungiyoyinmu na ci-gaban gari su ma suna saye: tabarmin masallaci, buhunan hatsin azumi, kuɗin motar kai gawa gida, kwanon rufin aji. Sakatare ya ɗauko rasit na shekara biyu ya jera kamar yadda na bayyana, a karanta a taron wata. Wataƙila ku tarar hatsin azumi kullum ana gobe azumi kuke sayensa a Legas, bayan kuwa da kuɗin nan aka aika gida da kaka da an sami buhuna fiye da haka. Wataƙila ku tarar kuɗin motar gawa shi ne rabin abin da kuke kashewa, wanda ya isa ku zauna da direba ɗaya ku yi yarjejeniyar shekara. Ƙungiyar da ta yi wannan, in wakilanta suka shiga ofishin ciyaman, da takarda a hannu za su shiga.

Ƙananan hukumomi kan tsara kasafin sabuwar shekara ne a watannin ƙarshen shekara, lokacin da aka gama girbi hanyoyi kuma suka bushe. Wasiƙar da za ta yi amfani ita ce wadda ta isa teburin ciyaman da na ma'aji kafin watan Oktoba, da kwafi zuwa ga kansilan mazaɓar Sakwa da ofishin babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi a Bauci. A nemi abu uku kacal a karon farko, dizal da magani da kayan gyaran famfo, na wata goma sha biyu da suka wuce.